Yunwa ce ke tura mutum cikin keji, ko akwai wani abu daban?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na koma na sake kallon karawar Kamaru Usman da Leon Edwards ta watan Agustan 2022 a faɗan keji, wato MMA, wasan da ake haɗa dambe da kokawa. Na kalle ta ya fi sau biyar, amma duk sanda aka shiga turmi na biyar sai gabana ya faɗi kamar ban san ƙarshen labarin ba. Mutum yana kan gaba a maki, saura daƙiƙa 56 a tashi, sai ƙafar hagu guda ɗaya ta same shi a kai. Kambun da ya karɓa a hannun Tyron Woodley a Maris 2019, ya kare shi sau biyar, ya tafi a ƙiftawar ido. Da a ce ya ci wannan faɗan da ya kamo Anderson Silva, wanda ya yi nasara 16 a jere a UFC, babban kamfanin da ke shirya faɗan keji. Ya tsaya a 15.

Abin da nake so mu tattauna shi ne: me ke riƙe waɗannan mutanen? Ni a ganina yunwa ce kawai. Wanda ya taso cikin babu shi ne ke iya jure wannan azaba, ranar da ya ƙoshi kuma ya gama. Kamaru ya yi kuɗi, ya fara fitowa a fim, hankalinsa ya rabu. Wanda yake da ja ya zo mu yi.

Garba Garwa:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, in maganar yunwa ce ai namu na nan Kamaru ƙasa, ba Kamaru mutum ba, shi ne hujjarka. Francis Ngannou a ƙauyen Batié aka haife shi a 1986. Tun yana ɗan shekara goma yake haƙar yashi ana loda wa manyan motoci. Yana da shekara 26 ya kama hanya, ya bi ta Najeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko, ya yi ta gwada tsallakawa ana kamo shi ana mayarwa, da ya samu ya shiga Sifen aka tsare shi wata biyu. A Faris kuwa a wurin ajiye motoci yake kwana. Niyyarsa ma damben zamani ne, don Mike Tyson yake kallo, koci Fernand Lopez ne ya karkatar da shi zuwa faɗan keji. Wanda ya sha ruwan da ya sha a hamada, wane naushi ne zai tsorata shi?

Koci Bala:
Malam Garba, tsaya nan, don ka kawo mutumin da ya rushe maganar da kansa.

Ka tuna Janairun 2018? Ngannou ya shigo yana ta zubar da mutane, ya yi wa Alistair Overeem naushin da har yau ake nunawa, kowa ya ce ya gama da Stipe Miocic tun kafin a shiga. Miocic ya kai shi ƙasa ya zauna a kansa minti 25, ya gaji tilis har ba ya iya ɗaga hannu. To faɗansa na gaba da Derrick Lewis a watan Yulin shekarar, ka je ka kalla in za ka iya. Ƙartai biyu suna zagaye juna minti 15 babu mai kai hannu, har alƙalin wasa ya tsayar da su ya yi musu faɗa. Bayan an tashi Ngannou da kansa ya fito ya ce tsoron da ya kwaso daga faɗan baya ne ya shigo da shi wannan. Mutumin da ya keta hamada ke nan fa. Ina yunwar ta tafi a ranar?

Na shekara goma sha ina horar da yara taikwando da damben zamani, kuma abin da na gani shi ne talauci yana kawo yaro bakin ƙofa, amma ba ya zaunar da shi. Yaran da suka fi kowa wahala a gida, da yawansu su ne ke fara gudu, don gobe ana bukatarsu a kasuwa ko a kan babur. Wanda ke zama shi ne wanda aka buge shi ranar Asabar a gaban abokansa, ya dawo ranar Litinin da kumburarren ido ya ce Koci nuna mini inda na yi kuskure. Irinsu ba su da yawa, kuma ba na gane su ta rigar da suka sa.

Baban Ilham:
Koci, da girmamawa, amma ai ya dawo ya buge Miocic a Maris 2021 ya ɗauki kambu. Ba yunwar ba ce ta dawo da shi?

Koci Bala:
Karatu ne ya dawo da shi. Ya koma Las Vegas ya zauna ya koyi abin da ya raina, wato kokawa. A faɗan na biyu Miocic ya kai hannu zai ɗauke shi, ya ƙi ɗaukuwa, har shi ya zagaya bayansa. Kuma a Janairun 2022 da ya kara da Ciryl Gane da gwiwa a lalace, an cinye shi turmi biyu na farko, da me ya ci sauran ukun? Da kokawa. Mai naushin da duniya ke tsoro ya kare kambunsa a ƙasa. Mai jin yunwa kawai ba ya yin wannan, sai wanda ya iya haɗiye girman kai.

Ɗan Damagaram:
Ina tare da Koci. Ku duba Israel Adesanya. Ba ɗan talakawa ba ne, mahaifinsa akanta ne, mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya, a Legas aka haife shi a 1989, iyayen suka kwashe su zuwa Niyu Zilan don karatu. Abin da ya tura shi shi ne cin zalin da yara suka yi masa a makaranta. Georges St-Pierre na Kanada ma haka, yara sun addabe shi yana ƙarami shi ya sa aka sa shi karate. Kowa da ƙaiƙayin da yake sosawa.

Maman Walid:
Ni fa ban cika shiga maganar wasanninku ba, maigidan ne ke kallo ni kuma ina gefe ina salati. Amma tunda aikin asibiti nake yi bari in tambaya. Wannan abin da suke yi kafin awo, mutum ya fito kamar wanda ya yi wata yana jinya, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, ana riƙe shi ya hau sikeli, shi ma jarumta ce? Don mu in aka kawo mana mutum a wannan yanayin ruwa muke ɗaura masa nan take.

Koci Bala:
Hajiya kin taɓo inda ke yi mana ciwo. Ajin su Kamaru iyakarsa kilo 77, ajin su Khabib Nurmagomedov kilo 70, amma ba haka suke yawo ba a ranakun da babu faɗa. Ana awo ne kwana ɗaya kafin karawa, don haka mutum zai matse ruwan jikinsa a ɗakin zafi da wanka da ruwan zafi, ya hau sikeli, sannan ya kwana yana mayarwa. Kowa na so ya zama shi ne babba a cikin ƙanana. Khabib kansa a Maris 2017 asibiti aka kai shi wajen rage nauyi, aka soke faɗansa da Tony Ferguson. A Disambar 2015 wani yaro ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya rasu wajen rage nauyi kafin wasan ONE Championship, wani kamfanin shirya faɗan keji. Da yawa cikinsu za su gaya miki makon awo ya fi musu ranar faɗa wuya.

Maman Walid:
Innalillahi. To Allah ya kyauta. Ni Walid ko damben wasa na gan shi yana yi sai na tsawatar.

Sadiq Injiniya:
Ku yi haƙuri in shigo da maganar kuɗi, don ina ganin da yawanmu muna kallon na sama muna zaton haka kowa yake. Sabon shiga UFC abin da aka saba ba shi tsakanin dala 10,000 zuwa 12,000 ne na fitowa, in ya ci a ƙara masa kwatankwacin haka. In an buge shi rabi ke nan. A ciki koci zai cire nasa, manaja ya cire nasa, gwamnati ta cire haraji, ga kuɗin abinci da magani na wata biyu ko uku da ya yi yana shiri. A shekara wataƙila ya yi faɗa biyu ko uku, in ya ji rauni ya zauna babu ko sisi, don ba albashi suke ɗauka ba, 'yan kwantiragi ne, babu fansho. In ka juya shi zuwa naira sai ka ga kamar dukiya, amma a Amurka yake biyan haya.

Tsofaffin 'yan wasan sun kai kamfanin ƙara tun 2014, takardun kotu suka nuna abin da ke zuwa hannun mafaɗata bai kai kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga ba, alhali a ƙwallon kwando na Amurka 'yan wasa kusan rabi suke kwasa. A ƙarshe aka sasanta a kan dala miliyan 375, alƙali ya amince a Fabrairun 2025. Alexandre Pantoja na Barazil yana cikin UFC yana kai wa mutane abinci gida-gida da mota kafin ya ci kambu a 2023. Miocic ma yana riƙe da kambun masu nauyi yana aikin kashe gobara a jihar Ohayo, ko da yake shi don so yake yi.

Don haka Baban Ilham, yunwa tana nan, amma ba ta ƙarewa da shiga keji. Ita ce ma ke sa mutum ya karɓi faɗan da bai shirya masa ba.

Garba Garwa:
Shi ya sa nake ƙara ganin girman Ngannou. Yana riƙe da kambu ya ajiye ya bar UFC a Janairun 2023 saboda sharuɗɗan kwantiragi, mutane suka yi ta yi masa dariya wai ya zubar da abincinsa. Wata tara bayan nan yana Riyad yana dambe da Tyson Fury, faɗansa na farko a damben zamani, ya kai shi ƙasa a turmi na uku. Alƙalai suka ba Fury da kyar. Rahotanni sun ce kusan dala miliyan 10 ya samu, shi da aka biya dala 600,000 a faɗan Gane.

Ɗan Damagaram:
Ka faɗi sauran mana Malam Garba. Anthony Joshua ya kwantar da shi a turmi na biyu a Maris 2024.

Garba Garwa:
Na sani ɗan'uwa, a gidan kallo nake ranar, da kyar na kai gida. Amma abin da ya biyo baya ya fi wannan nauyi. A ƙarshen Afrilun shekarar ɗansa Kobe ya rasu yana da wata 15. Ya ce ya yi tunanin barin komai. A Oktoban shekarar ya dawo keji ya gama da Renan Ferreira a turmin farko, yana kuka yana cewa saboda yaron ya yi. Wannan ba kuɗi ba ne, kuɗi ya riga ya samu.

Ustaz Nura:
Allah ya ba shi haƙuri, ya shirye shi. Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa hira ba. Hadisi ya inganta cewa idan ɗayanku zai yi duka ya nisanci fuska. Kokawa babu matsala, an ruwaito Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Amma wannan da ake neman a sumar da mutum da gangan, malamai da yawa sun hana. Mu da muke yabon Khabib don yana sujada bayan nasara kuma ba ya karɓar faɗa a watan azumi, mu riƙa tuna wannan ɓangaren.

Sadiq Injiniya:
Gaskiya ne Ustaz, Allah ya yafe mana. Amma ina roƙo a buɗe wa wannan zare nasa daban, don in muka shiga nan ba za mu fito ba yau.

Ustaz Nura:
Na yarda. Tunatarwa ce kawai.

Koci Bala:
Tunda an ambaci Khabib, bari in faɗi abin da ya fi burge ni da shi, kuma ba 29 da babu faɗuwa ba ne. Yadda ya tafi ne. Mahaifinsa Abdulmanap, wanda ya horar da shi tun yana yaro a Dagestan, ya rasu a Yulin 2020. A ranar 24 ga Oktoba ya shaƙe Justin Gaethje a turmi na biyu a Abu Dabi, ya durƙusa a tsakiyar keji yana kuka, ya cire safar hannu ya ajiye, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin wannan ne na ƙarshe. Yana da shekara 32, babu wanda ya taɓa buge shi, ana ta bin sa da kuɗi ya dawo ya cika 30. Bai dawo ba. Ya koma gefen keji yana yi wa Islam Makhachev ihu.

Yanzu ku ɗora shi kusa da Tony Ferguson, mutumin da aka shirya su sau biyar ba su haɗu ba. Ferguson ya ci faɗa 12 a jere. Gaethje ya yi masa dukan kawo wuƙa a Mayun 2020, haɗe da wannan ya faɗi sau takwas a jere, abin da ba a taɓa yi ba a UFC. Kowa na roƙonsa ya tsaya, shi kuma yana cewa bai gama ba. Taurin kan da ya kai shi sama shi ne ya hana shi sauka. Ba za ka shekara goma sha biyar kana koya wa kanka cewa kalmar "na bari" haramun ce ba, sannan rana ɗaya ka tashi ka furta ta cikin sauƙi. Khabib ya samu abin da ya fi keji girma a wurinsa, uwa ta yi magana. Wanda ba shi da wannan, wa zai cire masa safar?

Ɗan Damagaram:
Wannan gaskiya ne. Alexander Volkanovski ya karɓi faɗan Makhachev na biyu saura kwana 11, a Oktoban 2023, aka buge shi da ƙafa a turmin farko. A gaban 'yan jarida hawaye ya zo masa, ya ce in ba ya cikin shirin faɗa kansa ba ya zama daidai, shi ya sa ya karɓa. Mutum mai mata da 'ya'ya da kambu a hannu fa. Ronda Rousey ma bayan Holly Holm ta buge ta a 2015 ta faɗa a talabijin cewa har tunanin kashe kanta ya zo mata, don ba ta san ko ita wace ce ba in ba zakara ba.

Maman Walid:
To ashe marasa lafiya kuke kallo kuna tafi.

Koci Bala:
Hajiya ba duka ba, amma akwai ƙamshin gaskiya. Masu wayon cikinsu sun gane haka. St-Pierre bai taɓa ɓoyewa ba cewa tsoro yake ji kafin kowane faɗa, ba ya son ranar ko kaɗan. Da Matt Serra ya ba shi mamaki a 2007 sai ya nemi likitan ƙwaƙwalwa na 'yan wasa, ya dawo ya rama a 2008, bai ƙara faɗuwa ba har ya ajiye. Adesanya ma ya ce bayan nasararsa ta farko a UFC a 2018 ya koma gida ya ji wani irin ƙunci, tun lokacin yake ganin likita. Kuma ku duba abin da ya yi da Alex Pereira. Mutumin ya cinye shi sau biyu a damben hannu da ƙafa, ya biyo shi UFC ya ƙwace masa kambu a Nuwamban 2022. Sau uku ke nan. Wata biyar kacal ya ce a sake, ya sumar da shi a Mayami a Afrilun 2023. Ni a wurina wannan daren ya fi ranar da ya buge Robert Whittaker a gaban mutum sama da 57,000 a Melbon.

Shagon Unguwa:
Ina ta karantawa ban yi magana ba. Ni na sa zare shekara shida kafin in koma sana'ar gidanmu ta fawa. Duk abin da kuke faɗa akwai shi a gidan dambe, sunan ne ya bambanta. Tsoro kuwa kowa na ji. Kuna zaton kirari da kiɗa da layu na mene ne? In makaɗi ya kira sunanka ya kira na ubanka, jikinka ya ɗauki tsuma, ai tsoron ake rufewa. Ranar da aka fara kashe ni, wato hannuna ya taɓa ƙasa a gaban jama'a, sati biyu ban fita kasuwa ba. Ba ciwon ba ne, idon mutane ne.

Wani mai shirya wasa ya taɓa kai mu Legas mu huɗu wai za a gwada mu a keji. Babu wanda ya koya mana komai na ƙasa. Yaron da aka haɗa ni da shi ko naushi ɗaya bai bari na kai ba, ya rungume ƙafafuna, sai ga ni a ƙasa yana murɗe mini hannu. Minti ɗaya da 'yan kai. Kuɗin da aka yi alkawari rabi aka ba mu, kuɗin mota ma sai da muka haɗa da na aljihunmu.

Ɗan Damagaram:
Sannu Shago. Shi ya sa nake cewa 'yan kokawarmu na Nijar masu neman takobi sun fi 'yan dambe kusa da wannan wasan. Ga Reug Reug na Senegal, daga kokawar gargajiya ya fito, ya ci kambun masu nauyi na ONE a Nuwamban 2024. Kamaru Usman ma ai kokawar makaranta ce tushensa, ya ci gasar jami'o'i a Nebraska a 2010.

Shagon Unguwa:
Haka ne, amma ɗan kokawa bai san ɗanɗanon naushi a haɓa ba. Sai ranar da ya sha za a san ko zai dawo.

Baban Ilham:
To na ji jiki a wannan zaren. Na janye rabin maganata, rabi ina nan a kai, don har yanzu ban ga ɗan attajirin da ya keta hamada ba. Amma Koci, ka bar ni da tambaya a kan Kamaru. Edwards ya sake cin sa a Landan a Maris 2023, Khamzat Chimaev ya ci shi a Oktoba, ya ɓace kusan shekara biyu, sai ga shi a Yunin 2025 yana da shekara 38 ya danne Joaquin Buckley turmi biyar, yana magana murya na rawa. Wannan a wane layi za ka sa shi, na Adesanya da ya dawo ya rama, ko na Ferguson da ya ƙi tafiya?

Koci Bala:
Gwiwoyinsa za ka tambaya, ba ni ba. Shi da kansa ya sha faɗin yadda suka lalace har gudu ya daina yi. Zuciyar tana nan, na gani a faɗan Buckley, amma ka lura a turmi na biyar da yaron ya fara samunsa yadda na riƙe numfashi. In ɗana ne zan ce ya isa haka. Amma da ina gefen Edwards a wancan daren na 2022 ma da na ce an gama, kocinsa kuwa ihu ya yi masa ya daina jin tausayin kansa, ya tashi ya jefa ƙafar nan.

Shagon Unguwa:
Koci, a ina kake horarwa? Akwai ƙanena ɗan shekara 16 da ya dame ni, kullum yana naɗe hannu da tsumma. Gara in kawo maka shi ya koyi na ƙasan tun yanzu.

Koci Bala:
Turo mini saƙo ta gefe. Ka gaya masa sati biyun farko igiya kawai zai yi ta tsallakewa, kuma sai na ga sakamakon jarrabawarsa.